Haibol: Ƙanƙara, Gas da Dogon Kofi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa.

[Hoto: kofunan gilashi biyu a kan tire, duka cike da jan zoɓo]

Ga kofi biyu a gabana. Zoɓo ɗaya na zuba musu, ruwan soda ɗaya, daga firij ɗaya, kuma minti goma ke nan da haɗa su. Na hannun dama har yanzu gas yana tasowa a cikinsa, in ka kurɓa sai ka ji ya ɗan tsikare ka a harshe. Na hagu kuwa ya mutu murus, ya koma jan ruwa mai zaƙi. Bambancin daga hannun mai haɗawa yake, kuma dabarar tana da suna a wurin masu haɗa abin sha a manyan otal-otal. Haibol suke ce mata.

Bari in faɗa muku gaskiyar abin tun farko. A asalinsa haibol haɗin barasa ne. Ana zuba ɗan ƙarfaffen abu kamar wuski ko jin (gin, wata farar barasa) a dogon kofi mai cike da ƙanƙara, a cike sauran da abin da ke da gas, yawanci kashi ɗaya na barasa, kashi uku ko huɗu na mahaɗin. A Ingila jin da tonik, wani lemon kwalba mai gas da ɗaci, ne sananne. A Kuba ana haɗa rom, barasar rake, da kola da lemun tsami. A Japan kuwa wuski da soda ne, suna kiransa haiboru, kuma tun da kamfanin wuski na Suntory ya farfaɗo da shi wajen shekarar 2008 ya zama abin da ake sha da abinci a ƙananan gidajen cin abinci na Tokyo da Osaka. Ni ba na sha, ba na kuma haɗa wa kowa. Amma na lura cewa duk ƙwarewar da ake yabon mutanen Japan da ita a wannan fanni, a kan sanyi da gas take. In ka cire wuskin ka sa zoɓo ko tsamiya ko citta, ilimin yana nan yadda yake.

Wani abu kuma, ga wanda yake ganin tunda an tsarma shi da soda ai ya yi sauƙi. Mililita 50 na wuski mai ƙarfin kashi 40 cikin ɗari yana ɗauke da mililita 20 na zallar barasa. Ka ƙara masa soda mililita 150, ɗanɗanon zai yi laushi, amma mililita 20 ɗin nan duk cikinka za su shiga. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya.

[Hoto: ana buɗe kwalbar soda a hankali]

To, mene ne wannan gas ɗin? Iskar nan ce da muke fitarwa in mun yi numfashi, aka matsa ta da ƙarfi cikin ruwa. Wani masani mai suna Joseph Priestley ne ya gano yadda ake yin haka a garin Leeds na Ingila a 1767. A 1783 Jacob Schweppe ya mayar da abin sana'a a Geneva, sunansa ne kuke gani a jikin kwalbar Schweppes har yau.

Halin wannan iska shi ne ba ta son zama a ruwa mai ɗumi. Ruwan da ya kusa daskarewa yana iya riƙe kusan ninki biyu na abin da zai riƙe a zafin digiri 20. Shi ya sa lemon kwalba da ya kwana a shago yake kumfa ya zube da an buɗe shi, wanda ya yi sanyi sosai kuwa sai dai ka ji "tsss" a hankali. Kumfar nan da muke gani muna jin daɗi, gas ne yake gudu. Duk wanda ya fita a kumfa, ba zai kai bakin mai sha ba. Saboda haka komai sai ya yi sanyi kafin a haɗa: sodar, zoɓon, har shi kansa kofin. In akwai wuta, ki sa kofunan a firij. In an ɗauke, ki cika su da ƙanƙara ki juya na ɗan lokaci, ki tsiyaye ruwan da ya narke.

Sai maganar ƙanƙara, kuma nan ne yawancinmu muke kuskure. Muna jefa ƙwaya biyu ko uku don kada abin sha ya tsinke. Ƙwaya biyun nan su kaɗai ne za su yi aikin sanyaya kofi guda, don haka nan da nan suke narkewa, abin ya tsinke kuma bai yi sanyi ba. In kika cika kofin har baki da manyan ƙwayoyi, sanyi yana kamawa da wuri, narkewar sai ta ragu. Manya kuma masu santsi, domin dakakkiyar ƙanƙara tana da kaifi da ramuka barkatai, kuma a irin waɗannan wurare gas yake taruwa ya tashi. Haka ƙwayar sukari da ba ta narke ba, haka gyauron zoɓo da ba a tace ba, haka kofin da bai wanku ba. Ki jefa ɗan sukari a lemo mai gas ki ga yadda zai tumbatsa, to abin da ke faruwa ke nan a hankali.

Ina roƙonku da Allah ku san ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi. Daskarewa ba ta kashe duk ƙwayoyin cuta. Ƙanƙarar bulo da muke rububin saye lokacin azumi a sanyaya kwalabe da ita daga waje, wadda za ta shiga kofi kuwa a yi ta a gida da ruwa mai tsabta.

Dogon kofin ma da dalilinsa. Bakinsa siriri ne, fuskar ruwan da ke haɗuwa da iska kaɗan ce, gas bai da faffaɗar ƙofar fita.

[Hoto: kwalbar tonik]

Yanzu tonik. Mutane suna yawan tambayata ko giya ce, saboda ɗacinsa da kuma ganinsa kusa da kwalaben jin. Babu barasa a cikinsa. Ruwa ne da gas da sukari da ɗan kwinin, wanda ake samu daga ɓawon wani itace na tsaunukan Andes, wajen Peru da Bolibiya. A 1820 wasu masana biyu a Faransa, Pelletier da Caventou, suka ware kwinin daga ɓawon. Turawan Ingila da ke Indiya suna shansa don kare kansu daga zazzaɓin cizon sauro, ɗacin ya ishe su, suka riƙa haɗa shi da sukari da soda, daga baya da jin. Labarin ya biyo ta ƙasarmu ma. A 1854 likita William Baikie ya hau kogin Kwara da Binuwai a jirgin ruwa mai suna Pleiad, yana ba mutanensa kwinin a kai a kai, suka koma babu wanda zazzaɓi ya kashe, alhali irin wannan tafiya da aka yi a kogin Kwara a 1841 ta ci rayuka da yawa. Daga baya ya zauna a Lakwaja. Sai dai kada kowa ya ce zai yi maganin zazzaɓi da tonik. A Amurka doka ba ta yarda kwinin ya wuce miligiram 83 a lita ɗaya ba, wannan kuwa ɗanɗano kawai yake bayarwa. Mai zazzaɓi asibiti ya nufa.

Wanda ya kamata a yi hattara da shi, shi ne Chapman, haɗin nan na Legas da ya shiga kowane ɗakin biki daga Abuja har Kano. Fanta da Sprite, jan ruwan zaƙi, kokwamba, lemun tsami, duk lafiya. Amma cikakken Chapman ana ɗiga masa wani abu daga wata 'yar kwalba mai takarda da ta fi ƙarfin jikinta, Angostura. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa shi a 1824 a Benezuwela don ciwon ciki, yanzu a Trinidad ake yinsa. Ku duba jikin kwalbar, kashi 44.7 cikin ɗari barasa ne, ya fi yawancin wuski ƙarfi. Gaskiya ne ɗigo kaɗan ake sawa. Amma mun san hadisin da ya ce abin da mai yawansa yake sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma yana ci mini rai in ga an miƙa wa dattijuwa ko yaro kofi ba tare da an gaya musu abin da ke ciki ba. In an kawo miki Chapman, ki tambaya. In ke ce mai haɗawa, ɗan tonik zai ba ki ɗacin, ɓawon lemun zaƙi da kanumfari su ba ki ƙamshin.

[Hoto: tukunyar zoɓo, sai mataci, sai dogon kofi]

Mu haɗa namu. Zoɓon sai ya yi kauri ƙwarai, domin shi ne zai tsaya a gurbin ƙarfaffen abun. Ni kofi biyu na busasshen zoɓo nake sa wa lita ɗaya ta ruwa, da citta da kanumfari. Sukarin tun da zafinsa nake zubawa don ya narke tas. In tace sau biyu da kyalle mai laushi, in bar shi ya huce, ya kwana a firij.

Kofi mai sanyi, ƙanƙara har baki. Zoɓo mililita 50, wato cokalin cin abinci uku da ɗan ɗori. Ki matsa lemun tsami yanzu, kafin soda, ki juya sosai a wannan gaɓar tunda babu gas da za a rasa. Sai ki buɗe soda, ki karkata kofin, ki zuba mililita 150 a hankali ta gefe, kada ta faɗa kan ƙanƙarar. Ki sa dogon cokali har ƙasa, ki ɗaga ƙanƙarar sau ɗaya, ki zare. Sau ɗaya, Hajiya. Gas ɗin da kansa zai ƙarasa gaurayawar. Ki yanko ɗan ɓawon lemun tsami ki matse shi a saman kofin, man da ke fita shi ne hanci zai fara tararwa.

Tsamiya ma haka ake mata, sai dai ta fi son a tace ta da kyau. Citta kuwa ki rage hannu, don gas yana ƙara fito da yajinta.

Masu abincin biki, na san za ku ce wa yake da lokacin bin kofi ɗari uku ɗaya bayan ɗaya. Kada dai ku juye soda a babbar kula tun da safe, kafin amarya ta iso ya zama na hannun hagun nan da na nuna muku. Ku jera kofuna da ƙanƙara, mutum ɗaya ya bi yana zuba zoɓo, na biyu ya biyo da soda daga ƙananan kwalabe da ake buɗewa a lokacin, na uku ya ɗauki tire ya nufi baƙi.