Funfunar da ake fesa wa koko da gangan

Fati: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga Aboabo, nan Kumasi. Ni da Sule yau mun tsare Kawu Idi, wanda furfura ta same shi a gonar koko. Kawu, wai har da funfuna ake fesa wa koko?

Kawu Idi: Ƙwarai, 'yata. Trichoderma sunanta, koriya ce, a ƙasa take zaune. Amma bari mu fara da ciwon da take yaƙa. Damina na kankama sai ka ga ɗan tabo ruwan ƙasa a jikin kwanso. Kafin mako biyu ya yi baƙi ƙirin, ya ruɓe. Wata ƙwayar cuta mai suna Phytophthora ce ke haddasa shi. Nau'inta mai tsananin, megakarya, a 1985 aka fara ganinta a Gana, wajen garin Akomadan.

Sule: To ai akwai maganin tagulla, Kawu. Gwamnati ma tun 2001 take feshin gayya.

Kawu Idi: Akwai, amma ruwan sama na wanke shi, sai an yi ta maimaitawa. Tagullar kuma taruwa take a ƙasa. Ita wannan funfuna rai gare ta: tana nannaɗe ƙwayar cutar, ta narkar da jikinta, ta kuma cinye mata abinci. A Kamaru an gwada nau'inta mai suna asperellum, ruɓewa ta ragu, ko da yake bai kamo maganin feshi ba. A Burazil ma da wani nau'in, stromaticum, suke yaƙar wata cutar koko.

Sule: Ke nan mai aikin abusa, wato mai kula da gonar wani, da kashi ɗaya cikin uku na amfanin kawai yake samu, ya huta da sayen magani?

Kawu Idi: Kai yaro, gaggawa gare ka! Idan bai tsinke ruɓaɓɓun kwanso ya binne ba, bai rage rassa iska ta shiga ba, ko me ya fesa asara ce. Kuma abu mai rai ba a yasar da shi a rana, ba a kuma dama shi da maganin kashe funfuna a tanki ɗaya.

Fati: Ciwon kumburin reshe fa?

Kawu Idi: Wannan bairos ne, ƙananan ƙwari ke yaɗa shi, funfuna ba ta warkar da shi. Tun 1938 cibiyar binciken koko ta Tafo take fama da shi, har yau sai dai a sare bishiyar a dasa sabuwa.

Sule: A sare? Mai gona zai yarda kuwa?

Kawu Idi: Da ƙyar. Ku miƙo min ruwa tukuna, wannan zancen da tsawo.