Enfield Southgate: Mazaɓar da Aka Ɗauka Gadon Jam'iyya Ɗaya Ce

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Yau za mu bi tarihin wata mazaɓa ta majalisar dokokin Birtaniya wadda yanzu babu ita a taswira, wato Enfield Southgate, da ke gefen birnin Landan ta wajen arewa. An kafa ta a 1950, aka rushe ta a 2024, kuma cikin waɗannan shekaru 74 mutum shida kacal ne suka wakilce ta. Ɗaya ya rasu yana kan kujera, ɗaya bom ya hallaka shi, uku masu zaɓe ne suka sauke su, na shidan kuwa yana nan riƙe da kujerar aka raba mazaɓar.

Sai an san wurin kafin a fahimci ƙuri'unsa. Har zuwa farkon shekarun 1930, yawancin arewacin wannan yanki filaye ne da gonaki da manyan gidajen attajirai. Abin da ya sauya shi shi ne layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Piccadilly, wanda ya isa Arnos Grove a 1932, sannan ya kai Southgate da Cockfosters a 1933. Tashar Southgate, wadda aka gina a zagaye kamar faifai, tana nan har gobe. A kewayenta aka jera gidaje biyu-biyu masu haɗe da bango ɗaya, kowanne da ɗan lambu gaba da baya, kuma waɗanda suka saye su akawuna ne da ma'aikatan banki da malamai da masu shaguna, mutanen da ke shiga tsakiyar Landan da safe su dawo da yamma. Mutumin da ya ci bashi ya sayi gida yana biya wata-wata ba ya son abin da zai girgiza tattalin arziki ko ya ƙara masa haraji, don haka irin waɗannan unguwanni suka zama rumbun ƙuri'un jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau.

Tsarin zaɓen kuma mai sauƙi ne, irin wanda Najeriya ta gada wajen zaɓen 'yan majalisa: mazaɓa ɗaya, wakili ɗaya, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ci, ko da bai samu rabin abin da aka kaɗa ba. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Kafin 1950, Southgate tana cikin mazaɓar Wood Green ne. Da aka ware ta, ɗan majalisar Wood Green ɗin, Beverley Baxter, haifaffen Kanada kuma tsohon editan jaridar Daily Express, ya biyo ɓangaren da ya fi aminci ga jam'iyyarsa. Ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 1964. Anthony Berry, ɗan wani hamshaƙin mai gidajen jaridu, ya gaje shi, ya shafe shekara 20 yana cin zaɓe ba tare da wata barazana ta gaske ba. A zamaninsa ne aka haɗe Southgate da Enfield da Edmonton suka zama ƙaramar hukuma ɗaya a 1965, daga baya kuma sunan mazaɓar ya koma Enfield Southgate.

A daren 12 ga Oktoban 1984, ƙungiyar IRA, wadda ke yaƙin raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, ta tayar da bom a otal ɗin Grand da ke Brighton, inda shugabannin Conservative suka sauka domin babban taronsu na shekara. Firaminista Margaret Thatcher ake nufi, amma ta tsira. Mutum biyar suka mutu, ciki har da Anthony Berry. Zaɓen cike gurbi da aka yi ranar 13 ga Disamba na wannan shekara shi ya kawo wani matashi ɗan shekara 31, Michael Portillo, wanda mahaifinsa ɗan Sifaniya ne da ya yi gudun hijira bayan yaƙin basasar ƙasarsa. Portillo ya ci, amma da tazarar ƙuri'a 4,711 kawai a kan ɗan takarar Liberal, duk da juyayin kisan magabacinsa da ke zukatan jama'a. A ganina wannan ce alama ta farko da ya kamata a lura da ita: masu zaɓen unguwar suna iya juya baya idan ransu ya ɓaci da gwamnati. Sai dai manyan zaɓukan da suka biyo baya sun rufe wannan alamar. A 1992 Portillo ya samu ƙuri'a 28,422, 'yar takarar jam'iyyar adawa ta Labour ta samu 12,859, tazarar ta kai 15,563.

Zuwa 1997 Portillo ya zama ministan tsaro, kuma kusan kowa na ganin cewa idan Firaminista John Major ya sha kaye, shi ne zai karɓi ragamar jam'iyya. Labour ba ta ma sa Enfield Southgate cikin kujerun da take sa ran ci ba. Ɗan takararta, Stephen Twigg, ɗan unguwar ne wanda ya yi sakandare a Southgate, shekararsa 30, kuma tsohon shugaban ƙungiyar ɗaliban ƙasar. Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, jaridar Observer ta buga sakamakon jin ra'ayin jama'a da ya nuna cewa tazarar maki uku kawai Portillo ya ba Twigg. Wannan labari ya yi aiki fiye da kowane gangami. Magoya bayan Liberal Democrat, waɗanda suka daɗe da sanin cewa ɗan takararsu ba zai ci ba, suka gane cewa idan suka ara wa Labour ƙuri'unsu za a iya kayar da minista. Akwai kuma wani ƙorafi na cikin gida, domin reshen Conservative na yankin ya yi shirin sayar da ginin ofishinsa ga kamfanin McDonald's, abin da ya fusata maƙwabta masu gudun hayaniya da cunkoson motoci a layinsu.

Da misalin ƙarfe uku na dare, wayewar garin 2 ga Mayu, baturen zaɓe ya hau mumbari, 'yan takara sun jeru a bayansa, miliyoyin mutane kuma suna kallo ta talabijin. Da ya karanta cikakken sunan ministan, Michael Denzil Xavier Portillo, wasu cikin zauren suka yi dariya. Ya ce ƙuri'a 19,137. Da ya zo kan Twigg ya ce 20,570, zauren ya kaure da sowa, shi kuwa Twigg ya juya idanu sama yana murmushi kamar wanda bai yarda da kunnensa ba. Portillo ya karɓi kayen da dattako, ya taya abokin hamayyarsa murna, kuma ko masu adawa da shi sun yaba masa a kan haka. Tun daga ranar, duk lokacin da wani jigo ya faɗi a kujerar da ake ganin tasa ce, 'yan jaridar Birtaniya da sunan Portillo suke kwatanta abin.

Yana da kyau mu tsaya kan alƙaluman, domin an cika ba da labarin daren kamar wani abin al'ajabi. Tazarar ƙuri'a 1,433 ce. Ɗan takarar jam'iyyar Referendum, mai adawa da Tarayyar Turai, ya samu 1,342, kuma ana cewa daga Conservative ya yago su. Amma ko da a ce kowace ɗaya daga cikinsu ta koma wa Portillo, da har yanzu Twigg ne a gaba da ƙuri'a 91. Ainihin abin da ya faru shi ne Portillo ya rasa sama da ƙuri'a dubu tara cikin shekara biyar, Labour ta ƙaru da kusan dubu takwas, kuma da kashi 44 cikin ɗari na ƙuri'un ta ɗauke kujerar gaba ɗaya, kamar yadda tsarin da muka ambata ya tanada. Guguwar ta ƙasa ce baki ɗaya: Labour ƙarƙashin Tony Blair ta samu kujera 418, Conservative ta tsira da 165. Da yake dole shugaban jam'iyya ya kasance ɗan majalisa, waɗannan ƙuri'u 1,433 sun cire Portillo daga takarar shugabanci, William Hague ya samu matsayin. Portillo ya koma majalisa ta wata mazaɓar a 1999, ya nemi shugabancin a 2001 bai samu ba, ya bar siyasa a 2005.

Abin da aka fi mantawa shi ne mutanen unguwar su ma sun canza. Tun bayan rikicin tsibirin Cyprus, musamman mamayar Turkiyya ta 1974, Girkawa da Turkawan tsibirin suka yi ta tarewa a unguwar Palmers Green da kewaye, cikin mazaɓar, suka tarar da tsohuwar al'ummar Yahudawa, daga baya 'yan asalin Indiya da Afirka da gabashin Turai suka biyo. Ƙananan ma'aikata masu digiri da tsadar haya ta koro daga tsakiyar Landan su ma suka shigo da ra'ayinsu. Kudancin mazaɓar, wajen babbar hanyar North Circular, ya karkata ga Labour, yayin da Hadley Wood da Cockfosters masu manyan gidaje suka tsaya tare da Conservative. Daga nan kujerar ta zama ta wanda ya iya lallashi.

Twigg ya faɗaɗa tazararsa zuwa 5,546 a 2001, ya zama ƙaramin ministan makarantu, sannan a 2005, lokacin da fushin yaƙin Iraƙi ya raba Labour da magoya bayanta da dama, lauya David Burrowes ya kayar da shi da ƙuri'a 1,747. Burrowes ya sake ci a 2010 da 2015. Amma ya goyi bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a ƙuri'ar raba gardama ta 2016, alhali mafi yawan mutanen mazaɓarsa sun zaɓi a zauna. A 2017 Bambos Charalambous na Labour, wanda iyayensa Girkawan Cyprus ne kuma ya daɗe yana kansila a Enfield, ya karɓe kujerar da tazarar 4,355. A 2019, shekarar da Labour ta sha mummunan kaye a faɗin ƙasa, Burrowes ya sake gwadawa, tazarar ta ƙaru zuwa 4,450.

Ƙarshen mazaɓar bai zo ta akwatin zaɓe ba. Dokar da aka yi aiki da ita wajen sabon shata iyakoki ta ce, in ban da wasu tsibirai ƙalilan, kowace ɗaya daga cikin mazaɓu 650 ta kasance da masu rajista tsakanin 69,724 da 77,062. Domin a daidaita lissafin arewacin Landan, hukumar shata iyakoki ta yayyanka Enfield Southgate. Winchmore Hill ta koma haɗe da Edmonton, babban kason kuma aka haɗa shi da Wood Green, wurin da aka ciro shi a 1950. A zaɓen watan Yulin 2024, Charalambous ya tsaya a sabuwar mazaɓar Southgate da Wood Green, ya kuma yi nasara.