Barewar da aka harba ta tsere, ina take ƙarewa?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Toh madalla. Yau maganar barewa za mu yi, amma ta Amurka, mai farar wutsiyar nan, wadda a ƙiyasi yawanta ya kai wajen miliyan 30, kuma duk shekara mafarauta masu lasisi suna kashe kusan miliyan 6. Ni ba waɗanda suka faɗi ne suka dame ni ba. Wadda aka harba, aka same ta, ta zubar da jini amma ta tsere, ita ina take ƙarewa? Abu huɗu zan kawo in sha Allahu, sai a yi tambayoyi.

Kafin na farko ma, akwai wani bincike da aka buga a 1998, an yi shi ne a McAlester, jihar Oklahoma, cikin wani makeken filin ajiyar makaman soja inda ake barin mutane su yi farauta da baka da kibiya irin na gargajiya. Aka kama barewa maza 80 aka rataya musu abin wuya mai rediyo. Maharba suka harbi 22, suka ɗauki 11 suka tafi da su gida, 11 kuma suka ɓace musu. To cikin 11 ɗin nan da maharbi ya koma yana cewa ai ta mutu a daji, 3 ne kawai suka mutu, 8 sun warke sun ci gaba da kiwonsu. Takwas fa! Wuri ɗaya ne, adadin kuma kaɗan ne, kar wani ya fita ya ce haka abin yake ko'ina, amma dai ya nuna dabbar nan tana da taurin rai.

Na farko, wurin da aka same ta, kusan shi ne komai. In kibiya ta huda huhu biyu ko zuciya, magana ta ƙare, ba ta nisa. In hanta ce za ta ɗauki awanni amma mutuwa za ta yi. In tumbi ne ko hanji, wannan shi ne mafi muni, don abin da ke cikin tumbi ya zube cikin ciki, ƙwayoyin cuta su bazu, ta daɗe tana wahala kafin ta mutu. Masu warkewa su ne waɗanda aka samu a tsoka, ko saman gadon baya, ko aka ci karo da allon kafaɗa, ko ƙafa. Maharban can ma da jinin suke ganewa, mai haske da kumfa na huhu ne, mai duhu na hanta, in kuwa da kore-kore da ɗoyi to tumbi ne. Kuma kibiya yanka take yi, yanka kuwa yana haɗewa, shi harsashi farfasa nama yake yi ya ragargaza ƙashi. Masu fiɗa sukan ci karo da tsohon bakin kibiya a jikin barewa, nama ya lulluɓe shi ko ƙashi ya toho ya kewaye shi, ita kuma ga ta da ƙibarta.

Na biyu, abin da take yi da kanta. Da an same ta saifarta takan matse ta turo jinin da ke ajiye cikin jijiyoyi, ta ruga, ta sami sarƙaƙiya ta kwanta shiru, galibi tana fuskantar hanyar da ta biyo, kwanciyar nan ce ke ba jini damar daskarewa, tana lasar wurin in bakinta ya kai. Shi ya sa suke cewa kar ka bi ta nan take, in harbin tumbi ne ka jira awa 8 zuwa 12, don in ka tashe ta ciwon ya sake buɗewa ta yi nisan da ba za ka gan ta ba.

Yauwa, ga inda nake so in zo, ƙaho. Ku yi haƙuri da ni a nan. Ƙahon barewarmu ko na gada, in ya fito ya fito ke nan har mutuwa. Na wannan kuwa ƙashi ne zalla mai rassa, namiji ne ke da shi, kuma duk shekara sai ya zubar da shi! Bayan an gama barbara, wajen Janairu zuwa Maris, sinadarin mazakuta ya yi ƙasa, ƙahon ya guntule ya faɗi, ya bar ciwo a buɗe a tsakiyar kai yana jini, cikin 'yan kwanaki ya yi ɓawo, daga ƙarƙashin ɓawon nan sabo ya fara toho, da fata mai laushi a kansa cike da jijiyoyin jini, kafin Satumba ya ƙeƙashe ya zama makami. Duk shekara. Wato jiki ne da ya saba da yin ciwo ya rufe ya sake gina ƙashi, shi ya sa masu binciken warkar da rauni suke ta nazarin ƙahon nan.

To ga abin mamakin. In aka ji wa namiji ciwo mai tsanani a ƙafar baya ta dama, misali harsashi ya karya ta, ya warke, ƙahon da zai fito baɗi, na hagu ne yake fitowa a karkace ko a tsumbure. Na hagu fa, ba na dama ba. In ƙafar hagu ce, na dama. Malam kana girgiza kai, wallahi haka ne, an gwada an gani. Wasu masana sun ce ɗingishin ne yake sauya yadda yake riƙe jiki da kai, wasu sun ce aikin jijiyoyin laka ne da suke gittawa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Kuma yakan maimaita shekara da shekaru, ƙafa ta warke tuni amma kai yana ta tona asiri, sai ka gan shi kamar ɗan gaye ya karkata hula. Saboda haka maharbin da ya san aikinsa in ya hango ƙaho guda a lalace, kafin ya duba komai sai ya duba ƙafar ɗaya ɓangaren. Har masu ƙafa uku ana gani, an guntule ɗaya, dungun ya warke, mace har haihuwa take yi a haka.

Ina muka tsaya, na uku ne ko na huɗu? An miƙo min takarda wai saura minti biyar. Yanayi dai. Farautarsu a kaka da hunturu ake yi, sanyi ya kashe ƙuda, wannan babban taimako ne. A 2016 wani ƙuda mai zuba tsutsa cikin ciwo ya ɓulla a tsibiran kudancin Florida, ya kashe ƙananan barewar wurin sama da 130, galibi mazan da suka ji ciwo wajen faɗan barbara, ƙaramin ciwo ya zama ajali. Sai dai sanyin ma yana da nasa, namijin da ya rame bayan barbara ga rauni ga ƙanƙara ga kyarkeci, da wuya ya ga bazara. Jamusawa kuwa sun mai da bin dabbar da aka raunata wajibi, da karnukan da aka horar don bin sawun jini.

Na'am, ɗan'uwa mai farar riga.

Ya ce, ga waɗanda ba su ji ba, in mutum ya harba da bisimilla ta ɓace, sai bayan kwana biyu ya tsince ta a mace, ya ci ko kar ya ci? Toh, fatawa ta malamai ce, amma akwai hadisin Adiyyu ɗan Hatim a Buhari da Muslim, ma'anarsa in ka same ta bayan kwana ɗaya ko biyu babu wata alama a jikinta sai ta kibiyarka, ka ci, in kuwa cikin ruwa ta faɗa kar ka ci, don ba ka san ruwan ne ya kashe ta ko kibiyar ba. Kuma wannan ba abu ne mai wuyar faruwa ba, don wadda aka samu a tumbi zazzaɓi da ƙishirwa sukan ja ta bakin rafi, maharba da yawa can suke tsintar ta. Malikawa kuma sun tsananta a kan wadda ta kwana ba a gan ta ba. Ga Liman nan a sahun gaba, a miƙa masa makirufo ya ƙarasa mana wannan ɓangaren.