Taswirar lantarkin zuciya

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yaya Sani, har yanzu idan aka ce akwai lantarki a zuciya, sai na yi sororo.

Sani: Ai shi ke tafiyar da ita. A ɗakin zuciya na sama ta dama akwai ɗan gungun ƙwayoyin halitta masu sakin tartsatsi sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Da zarar tartsatsin ya kauce hanya, bugu ya rikice.

Hadiza: To ba gwajin ECG, mai zana lantarkin zuciya a takarda, ke nuna hakan ba?

Sani: Yana nunawa, kuma tsohon hannu ne, tun 1924 Willem Einthoven na Holan ya sami kyautar Nobel a kansa. Amma daga fata yake saurare, kamar mai kasa kunne a bayan katanga. Ka san ana hayaniya a gidan, ba ka ga wanda ya tayar da ita ba.

Hadiza: Sai a shiga gidan ke nan.

Sani: Yauwa. Ana zura siririyar waya ta jijiyar jini a matsematsin cinya har cikin zuciya. Bakinta na taɓa bangon zuciya a wurare daban-daban, kwamfuta na auna abu biyu: lokacin da saƙon ya iso, da ƙarfinsa. Daga nan ta zana taswira mai launi. Inda saƙo ya riga ko'ina fitowa, nan ake zargi. Inda ya yi rauni sosai, ƙasa da rabin milibolt, wato ɗan ƙaramin ma'aunin ƙarfin lantarki, galibi tabo ne, kuma a gefen tabo lantarki ke samun lungun da zai riƙa kewayawa.

Hadiza: Rabin milibolt! Wallahi wannan ne ya fi taɓa ni, a ce zuciyar da kanta take nuna inda ciwon yake.

Sani: Haka aka yi a 1998 a Bordeaux ta Faransa. Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa suka bi saƙon masu fama da karkarwar ɗakunan zuciya na sama, suka tarar yawanci daga jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu yake tasowa. Shi ya sa yau ake kewaye bakinsu da tabo, ta ƙuna ko ta daskarewa, don a tare shi.

Hadiza: Shi ke nan an rabu da ciwon?

Sani: Ba kullum ba, ƙanwata. Wani yakan dawo, sai an sake. Kuma maganin hana gudan jini, mai kare mutum daga shanyewar ɓarin jiki, kada kowa ya ajiye shi sai likitansa ya ce.