Buroshin lalle a Photoshop: me ya sa in ka goge sai fari ya fito?

Salamu alaikum jama'ar Nima, Mamobi, Sabon Zango, da duk inda kuke kallo. Tun da na saka bidiyon katin bikin nan mai zanen lalle, saƙo ɗaya ke ta shigo mini: "Malam, buroshin ya yi, amma in na goge sai fari ya fito." Wani ƙanena ma sai da ya kai aikinsa shagon buga takardu a Newtown kafin ya ga farin tabo zaune a kan koren kati. Kuɗin takarda ya tafi.

(Takardar zane a kan tebur.)

Haɗa buroshin ba wuya. Wannan furen wata mai lalle a unguwarmu ce ta zana mini da baƙin biro, kuma hannunta ya fi duk wani buroshin da za ka sauke a intanet. Na ɗauka da waya, na ƙara wa baƙin baƙi, farin kuma fari tas. Sai Edit, sai Define Brush Preset, ka raɗa masa suna. Baƙi ne ke fenti, fari ba ya barin komai, ruwan toka kuma rabi da rabi. Kar girmansa ya wuce fiksel 5000. Danna F5, saitin buroshi ya fito, ka buɗe tazara (Spacing), don furannin su daina hawa kan juna. Ga shi nan.

To, gogewa. In ka danna E, furenka zai ɓace, wani bakin buroshi ya fito, domin magogin yana da nasa zaɓin daban. Tun Photoshop 2020 an sauƙaƙa wannan: kana kan buroshinka, riƙe maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, gefen lamba 1 a kibod irin na Amurka. Kana riƙe yana gogewa da siffar furen, ka saki ya koma fenti.

Yanzu ku matso, a nan ake faɗuwa.

(A kusanto da jerin leyoyi.)

Leyoyi su ne shimfiɗun hoto, ɗaya kan ɗaya. Kun ga leyar ƙasa, mai suna Background? Kun ga ɗan kwaɗon da ke gefenta? Wannan leyar kamar bango take, ba ta yarda a huda ta. In ka sa mata magogi, Photoshop ba ya cire komai, shafa mata launin baya kawai yake yi, wanda galibi fari ne. Kai kana ganin ka goge, alhali farin fenti ka zuba.

Ba ku yarda ba? Bari in mai da launin bayan ja. Na goge. Kun gani? Ja wur. Magogin ne dai, hannuna ne dai.

Shi ya sa in kana kan buroshi ka leƙa Mode a sama, za ka tarar Clear, wadda ke mai da buroshi magogi, ta dushe, ba ta dannuwa.

Danna kwaɗon sau ɗaya. Suna ya koma Layer 0. Sake gogewa. Waɗannan ƙananan murabba'ai, fari da toka kamar allon dara, su ne alamar babu komai a wurin. Wasu suna ganinsu sai gabansu ya faɗi, su ce hoto ya lalace. A'a, su muke nema! Bari in zura koren yadin ankon a ƙasa. Dubi yadda ya leƙo ta cikin furen, kamar leshi. Masha Allah.

Masu amfani da GIMP, wata manhajar gyaran hoto, ciwon ɗaya ne: danna dama a kan leyar, Add Alpha Channel.

Ni dai a aikin biki na fi son mask, wato mayafin da ake ɗora wa leya ana fenti a kansa maimakon gogewa: baƙi ya ɓoye, fari ya dawo da shi, X tana juya su. Dangin amarya sukan sauya ra'ayi ana gobe ɗaurin aure, kuma abin da ka goge ka rufe fayil ba ya dawowa.

Wajen ajiya, PSD don kanka, PNG don mai bugawa. JPEG ba ta san fili ba, wato wurin da babu komai, za ta sake cike maka shi da fari. Danna Ctrl da S tun kafin a ɗauke wuta, sannan ka turo mini furen da ka haɗa in gani.