Amsoshin Tambayoyinku: Daga Kwalejin Sarauniyar Manzanni Zuwa Kwalejin Sarauniya Amina

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan tsohuwar makarantar 'yan mata ta Kakuri da ke Kaduna, kuma da yake lokaci ba ya jira, za mu shiga kai tsaye.

Wani bawan Allah ya tambaya ko wace ce Sarauniyar Manzanni. Malam, laƙabi ne da mabiya ɗariƙar Katolika ke yi wa Maryamu, mahaifiyar Yesu Almasihu.

Tambayar da ta fi yawa, domin har da wata baiwar Allah da ta rubuto sau biyu tana zarginmu da ɓoye wasiƙarta, ita ce dalilin sauya sunan makarantar. Hajiya, ki yi haƙuri, ba a ɓoye ba, layi ne bai zo kanki ba. Sistocin Katolika, wato matan da suka keɓe kansu don hidimar coci, su ne suka kafa makarantar a 1940, 'yan wata ƙungiya da Fada Augustin Planque ya assasa a birnin Liyon na Faransa a 1876, ko da yake da dama daga cikin waɗanda suka yi aiki a Najeriya 'yan ƙasar Ailan ne. A 1972, zamanin gwamnan soja Abba Kyari, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, wato tsohon sunan Jihar Kaduna, ta karɓe makarantun mishan, aka raɗa wa wannan sunan Sarauniya Amina ta Zazzau. Bari in maimaita saboda masu rubutawa: ba cocin ne ya sayar da ita ba, gwamnati ce ta karɓa, a 1972, kuma ba ita kaɗai abin ya shafa ba, domin a wannan karɓar ce Kwalejin Sen Jon ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, ta Sen Pol da ke Zariya kuma ta koma Kwalejin Kufena. A ra'ayina, an dace da sabon sunan, amma da an bar wa ɗalibai cikakken tarihin tsohon a rubuce, da ba mu sha wannan tambaya haka ba.

Wata ɗaliba ta nemi sanin al'adun irin waɗannan makarantu, sai muka miƙa tambayar ga baƙuwarmu, tsohuwar malama. Mama, bismillah.

"To, ɗana, ai ƙararrawa ce ke mulki. Ita ke tashe ki da asuba, ita ke kai ki addu'a, ita ke kai ki ɗakin cin abinci. Ranar Asabar a duba shimfiɗa da farce da kayan makaranta, a koya miki ɗinki da waƙoƙin coci, manyan ɗalibai kuma su riƙe ƙanana tamkar ƙannensu. Yaran yanzu kuwa, ko maɓallin riga ya cire sai an nemi tela, ga waya a hannu dare da rana..."

Mama, mun gode, batun waya sai wani makon.

Mai tambaya a kan fitattun tsofaffin ɗalibai, marigayiya Maryam Babangida tana cikinsu. Sauran wasiƙun kuma sai shiri na gaba, idan Allah ya kai mu.