Wayata ta san lunguna a Manchester, me ya sa take ɓata a cikin birnin Zariya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Zagezagi na gida da na waje, ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, haka Manchester take, rana ta leƙo da safe, kafin azahar yayyafi ya sauko. Yau maganar waya za mu yi, don tambayar nan ta yawaita a wajenku: idan mutum ya nemi wani wuri a Google, ta yaya yake sanin inda ake nufi?

Ku dubi allon wayata. Na rubuta da Turanci cewa ina neman masallaci kusa da ni. Ban ambaci sunan gari ba. Ga jeri ya fito, duk masallatan unguwannin nan ne, kowanne da nisansa. Idan ƙanina ya rubuta waɗannan kalmomi yana zaune a Samaru, jerin da zai gani daban ne. Dalili shi ne, kafin tambayarka ta tafi, wayar ta riga ta liƙa mata inda kake tsaye.

Inda take samo wannan, na farko GPS ne, taurarin ɗan'adam na Amurka da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Kowanne yana aiko da saƙon lokaci, wayar kuma ta lissafa daɗewar da saƙon ya yi a hanya. In ta ji daga aƙalla 4, ta gano matsayinta. Turai na da nata, Galileo, Rasha na da GLONASS, Sin na da BeiDou, wayoyin yanzu da yawa suna haɗa su. In kana cikin ɗaki saƙon ya yi rauni, sai ta koma kan turakun sabis da Wi-Fi ɗin da ke kewaye. In duk ka rufe waɗannan, saura lambar IP ta intanet ɗinka, ita kuwa kintace ce kawai. Shi ya sa wani yana kwance a Tudun Jukun kwamfutarsa ta ce masa yana Legas ko Abuja, saboda ta can layin kamfanin sadarwarsa ya fita.

To, na'ura ba ta san wani abu wai shi Zariya ba yadda ni da ku muka san ta. A wajenta lambobi biyu ne: kusan digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, da kusan digiri 7.7 gabas da layin Greenwich da ke Landan. Sunaye kuma wani rumbu ne daban da aka ɗora a kan lambobin. Duk abin da ka rubuta, sai ta fara raba shi gida biyu, me ake nema, kuma a ina. "Kantin magani Tudun Wada": kantin magani shi ne abin nema, Tudun Wada shi ne wurin.

A nan ake yin ta. Wace Tudun Wada? Akwai ta Zariya, akwai ta Kaduna, akwai ta Jos, akwai ta Gusau, a jihar Kano ma ƙaramar hukuma ce sukutum. Sabon Gari haka. Samaru ma ba tamu kaɗai ba ce, akwai ta Gusau, akwai Samarun Kataf a kudancin Kaduna. Kongo kuwa, mu harabar ABU muke nufi, amma ga ƙasashe biyu a Afirka masu wannan suna. Idan kana cikin Zariya, kusanci zai taimake ka, ta zaɓo maka ta gida. Ni da nake nan Ingila ba ni da wannan gata, duk sun yi mini nisa, sai ta koma kan wadda aka fi nema ko aka fi rubutu a kanta. Don haka nake cika suna: Tudun Wada, Zaria, Kaduna. Kuma da rubutun da ke kan taswira nake sa wa, don in ka rubuta Zazzau, sau da yawa masarauta da tarihi za a kawo maka.

Google da kansa ya ce abubuwa uku yake dubawa wajen jera wurare: dacewa da abin da ka nema, nisa, da shahara. Shaharar nan ita ce take cutar mu. Ba shaharar bakin mutane ba ce, ta intanet ce: hotuna, sharhin masu zuwa, lambar waya, lokacin buɗewa. Mai tsiren da duk unguwar PZ ta san shi, ana layi a gabansa bayan magariba, in ba wanda ya sa shi a taswira, a wajen na'ura babu shi. Wani shago da bai kai shi ba, da yake ɗan mai shagon ya sa hotuna, shi zai hau sama.

Sai maganar adireshi, wadda ita ta fi ba ni takaici. Nan Ingila lambar gidan waya guda ɗaya tana ɗauke da gidaje kamar 15 ne a matsakaici, ka ba direba ita da lambar gida, ya kawo ka ƙofa. Mu ma NIPOST, hukumar gidan wayarmu, na da lamba mai alƙaluma 6, amma wa yake amfani da ita? Kwatance muke yi. Goggo za ta ce maka: in ka shiga ta Ƙofar Doka, ka miƙe, ka wuce masallaci, ka karya kwana a wajen mai ƙosai, gida na uku mai dakali. Kwatancen nan daidai yake, ba ya ɓatar da ɗan gari. Amma na'ura kamar baƙon ɗan acaɓa take, wanda ya haddace sunayen tituna a takarda bai taɓa shiga lungu ba. Mai ƙosai ba ta cikin takardarsa.

Kuma ba ta cika cewa ban sani ba. In ta kasa gane adireshi, sai ta dasa alamar a tsakiyar unguwa ko tsakiyar gari, kai kuma ka ɗauka nan ne. A Amurka an yi haka da wata gona a jihar Kansas: wani kamfani ya riƙa ajiye duk lambar IP ta Amurka da bai san takamaiman wurinta ba a wani wuri kusa da tsakiyar ƙasar, wurin ya faɗa kan gonar, mutanen gidan suka sha ziyarar 'yan sanda da masu neman ɓarayinsu shekara da shekaru, sai a 2016 labarin ya fito. In kuma lambobin digiri biyun nan suka ɓace gaba ɗaya suka zama sifili da sifili, wurin yana cikin teku ne, kudu da Gana.

Gyara yana hannunmu fiye da yadda muke zato. In za ka aika wa wani kaya gida, ka ce wa na can ya fito ƙofar gida, waje ba cikin ɗaki ba, ya jira shuɗin ɗigon da ke nuna inda yake a taswirar waya ya tsaya, sannan ya turo wurin ta WhatsApp. Ko ya danna taswira ya riƙe, zai ga gajeriyar lamba da ake kira Plus Code, tana aiki ko titin ba shi da suna. Mai shago ya sa shagonsa, da hoton allon da ke ƙofa, kuma ya tsaya kan rubutun suna guda ɗaya. Ɗaliban ABU masu karatun taswira da safiyo, ga taswirar intanet ta OpenStreetMap nan tun 2004, kowa na iya zana layin unguwarsu a ciki kyauta, kuma manhajoji da dama daga nan suke ɗiba. Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Babban Dodo, Gyallesu, ku buɗe ku duba ko lungunanku na nan.

Amma gidan kwana kada a sa shi a taswirar da kowa ke gani, a tura wa wanda ake so kawai. Ruwan nan ya fara ƙarfi, bari in nemi mafaka. Ku rubuto mini sunan unguwarku da abin da wayarku ta nuna. Sai mun haɗu.